Zafin Sakkwato ya galabaitar da Hajiya: Jos za mu nufa ko Mambila?

Baban Khalifa (Sakkwato): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mahaifiyarmu ta haura saba'in, ga hawan jini ga ciwon suga, kuma bazarar bana ta wahalar da ita sosai. Daga Maris zuwa Mayu zafin nan kan wuce digiri 40 da rana, da dare kuma bangon ɗaki ya yi ta amayar da zafin da ya sha. Mun sa sola, tana jan fanka, amma iska mai zafi fankar ke bugowa. Hajiya ba ta barci, ba ta cin abinci, sai ruwa. Ritayata ta ƙarato, shi ya sa nake tunanin mu tattara mu koma gari mai sanyi. Wasu sun ce Jos, wasu sun ce Mambila. Don Allah wanda ya zauna a ɗaya daga ciki ya faɗa mini gaskiya, daɗinsa da wahalarsa.

Maman Ilham (Jos): Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Yaya, ni a Jos aka haife ni, a nan kuma nake aure. Garin yana kan tudu ne, kusan mita 1,200 sama da teku, shi ne sirrin sanyinsa. Mu ma muna yin zafi a Maris da Afrilu, amma namu na rana ne kawai, kuma ko digiri 35 ba kasafai yake kaiwa ba. Da magariba ta yi iska za ta sauko, kafin asuba sai ka nemi abin rufa. Ruwan sama ma da wuri yake sauka, a Afrilu mun fara ganin hadari lokacin ku kuna tsakiyar wuta. Ga kayan lambu: kabeji, karas, latas, tumatir, koren wake, ka je Farin Gada da safe ka ga yadda ake sauke su da raɓarsu. Mai ciwon suga ba za ta rasa abin ci ba. Asibiti kuma ga JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, akwai likitocin zuciya da na suga.

Malam Mai Alli (Zariya): Maman Ilham, kin faɗi daɗin, saura ɗayan ɓangaren. Wanda zai kai tsohuwa gari dole ya yi maganar zaman lafiya. An yi rikici a Jos a 2001, an yi a 2008, an sake a 2010, kuma kowa ya san asarar rayukan da aka yi.

Maman Ilham (Jos): Gaskiya ne Malam, ba zan ɓoye ba. Abin da rikicin ya bari shi ne rabuwar unguwanni. Yanzu cikin gari ana ciniki tare, ana aiki tare, amma wurin kwana kowa ya san ɓangarensa. Baƙo Musulmi yawanci Rikkos yake nufa, ko Unguwar Rogo, ko gefen Bauchi Road, ko Nasarawa, ko wasu sassan Bukur. Mai hali kuma yakan nemi Rayfield, can a gauraye ake, sai dai haya da tsada. Shawarata kada ka karɓi gida ta waya. Ka zo da ƙafarka, ka yi sallah a masallacin unguwar, ka zauna da mai unguwa, ka tambayi maƙwabta yadda suke yi idan an sa dokar hana fita. Sannan ka tambayi ruwa kafin ka tambayi kuɗin haya. Ƙasar dutse ce, wata unguwar rijiya kan ƙafe da rani, sai 'yan garuwa. In akwai yara, a ja musu kunne kan kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a bayan gari, suna da zurfi ƙwarai, sun ci yara da yawa.

Alhaji na Gembu: Salamu alaikum. Ɗana Baban Khalifa, in sanyi kake nema tsantsa, babu kamar Mambila a ƙasar nan. Mun fi Jos tudu, mu muna wajen mita 1,600, kuma dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, Chappal Waddi, mita 2,419, yana nan yankinmu na Taraba wajen iyakar Kamaru. A Nguroje da Maisamari mutum zai shekara bai kunna fanka ba. Ciyawa shar, shanu ƙosassu, nono da man shanu da zuma, ga ayaba da fiya, ga gonar shayi a Kakara. Da safe hazo kan rufe kwari har ba ka ganin saniyar da ke gabanka, sai dai ka ji kukanta.

Amma tunda saboda mahaifiya kake tambaya, amana ta sa in ce maka kada ka kawo ta nan ta zauna. Daga Jalingo za ka bi Bali, ka bi Serti, ka iso Mayo Selbe, daga nan a fara hawan dutse, lanƙwasa bayan lanƙwasa, rami a gefe guda. Tafiyar yini ce, da damina kuma ƙasa kan zabtaro ta tare hanya. Akwai babban asibiti a Gembu, babban garin Mambila, amma in ciwo ya yi tsanani aka ce sai Jalingo ko Yola, wannan hanyar za a sauko da mara lafiya. Wutar lantarki kuma kada ka sa rai. Tashar samar da wuta daga ruwa ta Mambila da ake ta ambato tun muna samari har yau ba ta tashi ba. Damina doguwa ce, wanki kan kwana biyu bai bushe ba. Mu ma mun ga tashin hankali a 2017, Allah kada ya maimaita. Ka zo hutu da iyalinka, ni zan sauke ku. Zama da tsohuwa mai jinya kuwa, Jos ta fi.

Baban Khalifa (Sakkwato): Allah ya saka da alheri Baba. Wannan ita ce maganar da nake son ji.

Anti Nas (Bauchi): Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki. Yaya, sanyi ma yana da nasa ciwon. Zafi yana ƙarar da ruwan jiki, yana wahalar da ƙoda da zuciya, wannan gaskiya ne. Amma sanyi yana matse jijiyoyin jini, sai awon hawan jini ya ɗaga. Yana tayar da asma, yana tsananta ciwon gwiwa, in kuma akwai mai sikila a gidan to a kula ƙwarai. A Disamba da Janairu sanyin Jos da dare kan sauka wajen digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. Wadda ta yi shekara saba'in a Sakkwato jikinta bai san wannan ba. Kafin ku tashi ku je wurin likitanta ya rubuta muku takardar bayanin magungunanta, ku sayi na'urar awon jini ta gida, ku riƙa aunawa safe da yamma a makonnin farko.

Abu ɗaya kuma da nake roƙonku: kada a shigar mata da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta tafi da shi. A ɗumama ɗakin taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin barci, a ƙara bargo da safa. Alwala kuma da ruwan ɗumi, a ajiye mata fulas kusa da gado.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar zafin Afrilu da Mayu ba sai an faɗa muku ba. Wurinmu mai sauƙi shi ne duwatsun Ayar, wajen Bagzan da Timiya, inda ake noman lemu da rumman a tsakiyar sahara, amma nisa da halin tsaro ba za su bari a kai tsohuwa ba. 'Yan uwanmu 'yan kasuwa sun fi yabon Ngaundare ta Kamaru. Tudunta kusan ɗaya da na Jos, akwai Hausawa da Fulani da yawa, ga jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Sai dai kuɗinsu sefa ne, mai karɓar fansho da naira zai ji a jikinsa, ga takardun zama, ga Faransanci a asibiti.

Malam Mai Alli (Zariya): Akwai tambayar da ba wanda ya yi. Ita Hajiyar an tambaye ta? Tsohuwa da ta saba da maƙwabtanta, da makarantar Islamiyyarta, da masu shigowa gaishe ta bayan la'asar, in ka ɗauke ta ka kai ta inda ba ta san kowa ba, kaɗaici zai iya yi mata abin da zafi bai yi ba. Ni a ganina kada ka sayar da gidan Sakkwato, kada kuma ka sayi fili a Jos yanzu. Ku yi ƙaurar bazara: ku tafi ƙarshen Fabrairu, ku dawo in ruwa ya sauka a Yuni. Kun tsere wa zafin Sakkwato, kun kuma tsere wa hunturun Jos. In ta ji daɗin wurin, da bakinta za ta ce a zauna.

Baban Khalifa (Sakkwato): Malam, na taɓa mata zancen. Ta ce in dai za a dawo da ita gida ta yi azumi ko salla cikin danginta, ta yarda. Ƙanwarta ma ta ce za ta bi ta. To amma ana ba da hayar wata huɗu a Jos? Na ji ko'ina shekara ake biya.

Maman Ilham (Jos): Shekara ake biya Yaya, da wuya mai gida ya karɓi ƙasa da haka. Abin da wasu ke yi shi ne su haɗa kai gida biyu, su kama ɗaya: ku ku zauna bazara, wasu su karɓa sauran watannin, ko a bar ɗalibin jami'a na amana ya riƙe ɗaki ɗaya yana kula da gidan. Ku nemi gidan ƙasa wanda ba hawa bene saboda gwiwarta, mai silin, wanda tagoginsa ke rufuwa da kyau, kuma rana na shiga tsakar gidan da safe don ta sha hantsi. Ku duba rufin sosai, ruwan Jos da iska yake zuwa, wani lokaci har da ƙanƙara.

Direban Tasha (Funtuwa): Ranka ya daɗe, batun hanya. Daga Sakkwato za ka bi Gusau, Funtuwa, Zariya, sannan Pambeguwa, Saminaka, Jengre, ka shiga Jos. Kada ku yi ta a yini ɗaya da Hajiya. Tsakanin Gusau da Funtuwa a bi da rana tsaka, lokacin da motoci suka yi yawa, kuma a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a safiyar ranar. Ku kwana Zariya, washegari da hantsi ku ƙarasa. Maganin sugarta in na allura ne a sa shi a kula da ƙanƙara, kada a bar shi a but.

Malam Mai Alli (Zariya): In kun iso Zariya masaukinku yana gidana, akwai ɗakin baƙi a ƙasa.

Baban Khalifa (Sakkwato): Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. In sha Allah bayan salla zan fara zuwa ni kaɗai in ga unguwannin. Maman Ilham, ki gaya wa maigida zan neme shi ya raka ni Rikkos da Bukur, mu fara da maganar ruwa.