Ƙwarya ta bi ƙwarya: wa ake ja wa kunne?

Ɗan Gusau: Salamu alaikum. Jiya a majalisarmu ana kallon fim ɗin barkwanci a waya. Alhaji da matarsa a gida, sai ya faɗa son yarinyar da ke kawo masu fura, yana ɓoye waya ƙarƙashin matashin kai, ana ta dariya. Wani ya ce da yarinyar, "Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe." Nan ne gurbin maganar?

Gwaggon Mafara: Gurbinta ne, ɗana. Ƙwarya duma ce, akushi kuwa daga icce anka sassaƙo shi, in sun yi karo ka san mai tsagewa. Iyayenmu ba raini suke nufi ba, tausayi ne. Na ga ɗiyar talaka da anka kai babban gida. Ranar suna dangin miji na zaune a falo ana ɗaukar hoto, uwar mai jego na tsugune bakin murhu tana wanke tukwane, ba wanda ya ce mata shigo. Fim bai nuna wanga, ana ɗaura aure yake ƙarewa.

Malamin Ƙaura: Gwaggo, a gafarce ni. A mazhabar Malikiyya abin da ake dubawa a daidaiton ma'aurata shi ne addini da kuɓuta daga aibi, ba dukiya ko asali ba. Da karin maganar ƙwarya da akushi ake hana ɗan maƙeri ko ɗan mahauci mata, ko da ya fi kowa hali.

'Yar Tsafe: Ni abin da ke ci mini rai, duk kun manta da uwargida. Tun da aka fara Shari'a a nan Zamfara a 2000 aka rufe gidajen silima, amma yau fim yana cikin ɗaka, ƙannenmu na karɓowa wajen masu turawa a waya, suna koyon cewa yaudarar mata abin dariya ne. Alhajin nan ba aure yake nema ba. In aure ne, ya tura magabata a yi da rana tsaka. Cin amana yake yi, shi ya kamata a ce wa ramin ƙarya ƙurarre ne. Don me kullum yarinyar ake ja wa kunne?

Gwaggon Mafara: Don ita ka fashewa, ɗiyata. Shi gobe yana kan kujerarsa a kasuwa, ita kuwa ba ta sake iya ratsa unguwar da ƙwaryar furarta.

'Yar Tsafe: To ai shi ya sa nake so a fara da shi, Gwaggo.