Musayar Waƙa: Wa Ake Tambaya Kafin Soja Ya Ƙetare Iyaka?

Baba Tsohon Soja, Obalende:
Salamu alaikum. Jiya ina kakkaɓe akwati na ci karo da hulata ta ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka (ECOWAS), sai baiti ya zo mini.

A 1990 aka ce mu ɗau jaka,
Jirgin ruwa ya sauke mu Laberiya.
Mulkin soja ne, babu majalisa,
Ba wanda ya miƙe ya yi tambaya.
Abokina da muke cin kwano guda,
Can muka rufe shi gindin bishiya.
Uwarsa ta tare ni ƙofar bariki,
Har yau bakina ya kasa ba ta gaskiya.

Ɗalibin Lauya, Agege:
Baba, Allah ya jiƙan mazan jiya.

Tsarin mulkin 1999, sashe na 5,
Shi na riƙe a hannu, shi ne shaida.
Soja ba ya fita waje fagen fama,
Sai Majalisar Dattawa ta ce ta yarda.
In wuta ta tashi babu shiri,
Cikin kwana 7 shugaba zai kai takarda.
Su kuma kwana 14 aka ba su,
Su ce a ci gaba, ko su ce kada.

Mai Albasa, Mile 12:
Ni ganau ne, ƙanena.

Yulin 2023 aka kifar da Bazoum na Nijar,
ECOWAS ta ba da mako, ta ja daga da tsawa.
Aka rufe iyaka, aka yanke wuta,
Motocinmu na tsaye, albasa na ruɓewa.
Katsina da Maraɗi ciki ɗaya ne,
Wa zai harbi wa cikin 'yan'uwa?
Da Dattawa suka ce a bi ta sulhu,
Ranar na ci tuwo har da ƙarawa.

Hajiya, Idi-Araba:
Alhaji, na ji daɗinka, amma akwai saura.

Majalisar ECOWAS tana nan Abuja,
Da kujeru 115 aka tsara.
35 namu ne, amma wa ya zaɓe su?
Daga majalisun gida ake tara su, su ba da shawara.
Ga Kwatano ta Benin nan bayan Seme, an yi yunƙurin juyin mulki,
Disambar 2025 jiragenmu da luguden wuta suka fara.
Sai da suka je suka gama aiki,
Sannan Dattawa suka sa hannu daga baya, ba gyara.

Ɗalibin Lauya, Agege:
Hajiya, doka ta ba da wannan ƙofa,
Amma ƙofar gaggawa ce, ba ta kullum ba.

Baba Tsohon Soja, Obalende:
'Yata, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi.

Ina so in za a tura 'ya'yan mutane,
A kira kowane sanata da sunansa.
Ya miƙe a gaban kowa ya ce i ko a'a,
Mu ji da kunnenmu daga bakinsa.
Ya tambayi ranar dawowa da kuɗin magani,
Da wanda zai riƙe marayun wanda aka rasa.

Ɗana na Agege, ka zo mini da sashen nan ranar Juma'a bayan an sauko, da manyan baƙaƙe, idona ya yi rauni.