Muhawara: farfela mai naɗewa, ɓarnar kuɗi ce ko riba?

Alhaji: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ra'ayina, farfelar nan mai naɗewa da ake sa wa jiragen ruwa masu tafiya da iska, ƙawa ce kawai. Kuɗinta ya ninka na farfelar gargajiya, aikin kuma ɗaya ne.

Kyaftin: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, aikin ba ɗaya ba ne. In ka kashe inji ka bar wa iska tuƙi, farfelar gargajiya tana nan a buɗe ƙarƙashin jirgi tana turjewa, kamar ka ɗaura bokiti kana ja. Mai naɗewa kuwa, ruwa ne ke tura fukafukanta su haɗe a baya kamar tafin hannu biyu. Ka tada inji, juyawar ta sake ware su.

Alhaji: To ribar nawa ce?

Kyaftin: A iska marar ƙarfi, wajen rabin mil na teku a awa. Kada a raina. Tseren ARC na jiragen iska masu ƙetare Tekun Atlantika, daga Las Palmas a tsibiran Canary zuwa tsibirin Saint Lucia a yankin Caribbean, kusan mil 2,700 ne. Mai mil 6 a awa zai yi awa 450, mai 6 da rabi awa 415. Kwana ɗaya da rabi ke nan na ruwan sha da abinci.

Bakanike: Kyaftin, ka faɗi zaƙin ka bar ɗacin. Ribas fa? Tsofaffin masu fukafukai biyu, ka sa ribas a hankali, sai su yi rabin buɗewa. Ina tsaye a jeti, wurin ɗaure jirage, wani ya taho, ya ja giya baya, inji na kuka jirgi na ci gaba, sai da hancinsa ya sumbaci siminti. Da muka fito da jirgin, gaɓoɓin farfelar sun cushe da ƙananan halittun nan masu ɓawo. Da wuƙa na kankare su.

Kyaftin: Wannan laifin mai jirgi ne, maigida. Kuma na yanzu, irin na kamfanonin Flexofold da Gori na Danmak, fukafukansu na haɗe da haƙora, tare suke buɗewa. Sai dai ka ba ta wuta sosai.

Bakanike: Ai shi nake faɗa, tana son hidima. Wanki, duba haƙora, canza ƙarfen zinkin da ke hana tagulla cinyewa a ruwan gishiri. Ta gargajiya dunƙule ɗaya ce, ba abin da zai sassauta.

Hajiya: Ku bar ni in sa baki. Ba wanda ya ambaci igiya da ragar masunta. Farfela a naɗe ba ta cika kama su ba. Wanda ya taɓa nutso da dare don yanke raga ya san darajar wannan.

Alhaji: Hajiya kin kawo hujja, ban ƙi ba. Amma nawa jirgin tsohon yayi ne, farfelar na cikin ɗan rami tsakanin gindin jirgi da abin juya akala.

Bakanike: To Alhaji ai kai muhawarar ma ba ta shafe ka ba. Ba wurin da fukafukan za su naɗe. Sai dai irin Max-Prop ta Italiya, wadda fukafukanta ke juyawa su bi ruwa a tsaye. Ribas ɗinta ma ya fi ƙarfi.

Alhaji: Ita kuma nawa?

Bakanike: Zauna tukuna kafin in faɗa maka.