Taƙaitawa: yadda za mu tallafa wa yaranmu su kama sana'a

Salam 'yan uwa, maganar ta yi tsawo shi ya sa na ce bari in tattaro ta wuri ɗaya.

1. Kusan kowa ya yarda kar a bar yaro zaune, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 karatun jami'a ya tsaya wa da yawa, sun dawo garuruwan Mai Wurno da Gadarif hannu rabbana, to a kai shi ya koyi walda ko gyaran waya ko ɗinki, kuma uba ya taka da ƙafarsa ya damƙa shi hannun maigida, ba aike ba.

2. Wajen jari aka rabu. Wasu sun ce a shiga adashi, sanduk ɗin nan, a saya masa raksha, wato babur mai ƙafa uku na haya. Wasu suka ce a'a ya fara tuƙa ta wani tukuna a ga riƙonsa. Wata uwa ta ce awarwaronta na zinare ta sayar ta saya wa nata, wata uku injin ya buga don ko baƙin mai ba ya dubawa, wallahi abin ya taɓa ni, ina bayan masu cewa a jira.

3. 'Yan mata ma a ba su jarin lalle ko turaren wuta.

4. Kuɗin farko, dattawa sun ce ya kawo gida a sa albarka, matasa suka ce to amma a bar masa na sayen kayan aiki.

5. Tafiya haƙar zinare kuwa iyaye mata duk sun ƙi.