Haɗa soso da gora da filawud a jikin ƙaramin jirgin sama

Mai tambaya, Jekadafari:
Assalamu alaikum. Ina ƙera ƙaramin jirgin sama mai aiki da rimot, kuma da yake katakon balsa, wato katako mara nauyi da ake ƙera irin waɗannan jirage da shi, wanda akasari daga Ekwado ake kawo shi, yana da wuyar samu a Gombe, na yanka fukafukan daga farin soson da ake naɗo firji da shi, zan saka musu tsinken gora a ciki, hancin kuma na filawud. Da na ɗiga sufa gulu, sai soson ya narke ya yi rami. Shin haɗin ne bai dace ba, ko kuwa gam ɗin ne?

Malamin fasaha, Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Haɗin ba shi da laifi, domin jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, balsa aka saka tsakanin filawud biyu aka yi gangar jikinsa. Sufa gulu da fentin feshi ne ke cin irin wannan soso. Ka nemi gam ɗin Araldite don wurin da inji zai zauna, amma ka shafa shi kaɗan, saboda yana da nauyi, kuma duk abin da ya ƙaru a wutsiya sai ka rama shi da ninkinsa a hanci. Farin gam na kafintoci ma yana kamawa, sai dai yana jinkirin bushewa, tunda soso ba ya shan ruwa.

Kafinta, Pantami:
Malam ya yi gaskiya, amma a ganina ba a kan gam za ka fi shan wahala ba. Jirgi yakan karye ne daidai inda abu mai tauri ya ƙare, mai laushi ya fara. Idan goran ya tsaya a tsakiyar fiffike, nan zai tsage ranar da ya sauka da ƙarfi. Ka fiƙe shi ya riƙa sirancewa har ƙarshen fiffiken, ka goge santsin bayansa da samfefa kafin gam, kuma ka zaɓi wanda ya bushe sarai, domin ɗanye zai lanƙwashe da hunturu ya murɗe maka fiffiken. Gam ɗin da ake narkawa da wuta kuwa, ka bar shi. Jirgin da ya yini cikin rufaffiyar mota da bazara sakin jiki zai yi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Idan na sami sandar kabon (wadda ake yi da zaren kabon, carbon fibre) fa, in sa ta a madadin gora?

Malamin fasaha:
Ta fi gora tauri a nauyi ɗaya, sai dai tana ɗaukar wutar lantarki, tana kuma tare saƙon rimot, don haka ka nisanta ta da eriya da wayoyin batir. Bayan ka gama, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba; idan wutsiya ta rinjaya, ka matsar da batir gaba kafin ka tashe shi.