Neman shawara: sabuwar manhajar rahoto ta ba ni lissafin da ya saɓa wa nawa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a ɗakin karatu na wata kwaleji, da Koha muke amfani, wato manhajar gudanar da ɗakin karatu. Duk ƙarshen zango sai na yi fama da SQL, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, kafin in haɗa rahoto, kuma gaskiya ban ƙware ba, na wasu nake kwafowa in yi wa kwaskwarima. Yanzu wani kamfani ya kawo mana manhajar fitar da rahoto, an ba mu wata guda mu gwada. Zane-zanenta gwanin kyau, shugabanmu tun ranar farko ya ƙyasa. Sai dai na tambaye ta yawan littattafan da aka ara a watan jiya, ta ba ni adadin da ya zarce nawa nesa ba kusa ba. Wa zan gaskata? Me kuma zan duba kafin in ce a saya?

Mai kula da kwamfutoci: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki yi saurin ɗora laifi, wataƙila ba tambaya ɗaya kuka yi ba. A rumbun bayanan Koha, teburin issues na littattafan da ke hannun masu aro ne a yanzu. Da zarar an dawo da littafi sai bayanin ya koma old_issues. Shi kuwa teburin statistics komai yake rubutawa: aro, dawowa, sabunta aro, har littafin da aka karanta a cikin ɗaki ba a fita da shi ba. In manhajar ta haɗa aro da sabuntawa, ɗalibin da ya sabunta littafi sau uku ya zama aro huɗu. In kuma ke issues kaɗai kika ƙirga, to naki ne ya gaza. Ki ce su nuna miki SQL ɗin da ke ƙarƙashin kowane zane. In suka yi ta kwana-kwana, kin ga amsa.

Tsohuwar ma'aikaciya: 'Yata, ni ba na yarda da manhaja sai na gwada ta da abin da na riga na san amsarsa. Ɗauki rana guda da ba a yi cunkoso ba, ki ƙirga aronta ɗaya bayan ɗaya, sannan ki tambaye ta. Ki kuma gwada ta da littafin da aka cire daga rajista, domin Koha na mayar da irinsu deleteditems, masu karatun da aka goge kuma deletedborrowers. Manhajar da ba ta leƙa can ba, lissafin bara zai riƙa raguwa kina kallo.

Wani abin da masu talla ba sa son a taɓo shi ne MARC, tsarin da ɗakunan karatu ke rubuta bayanan littafi da shi a filaye masu lamba. Maudu'in littafi yana fili na 650, kuma cikakken bayanin a dunƙule yake cikin teburin biblio_metadata da tsarin rubutun kwamfuta na XML, ba a jere kamar suna da lamba ba. Ce mata ta kawo miki aron littattafan wani fanni ta hanyar maudu'i. A nan ake gane ko an gina ta don ɗakin karatu ne, ko dai manhajar 'yan kasuwa ce aka sauya wa riga.

Wani ɗan uwa: Ni sirrin masu karatu ne damuwata. Teburin borrowers na ɗauke da suna, lambar waya da ranar haihuwa. Ina bayanan ke zuwa, sabarku, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayananku, ko ta kamfanin? A buɗe musu asusun karantawa kawai, kuma a kan kwafin rumbun bayanai, kada rahoto mai nauyi ya tsayar da aiki a wurin bayar da aro. Tun sigar 20.11 Koha na da hanyar ɓoye sunan mai aro a ƙididdiga, ku kunna ta. Ki kuma ɗora Metabase a gefe, ita ma manhajar fitar da rahoto ce, akwai sigarta ta kyauta, ki yi musu tambayoyi iri ɗaya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Malam, ka canka daidai, sabuntawa ta haɗa, da na cire ta lissafin ya zo ɗaya. Hajiya, na gwada filin 650, ta ce babu irin wannan bayani. Na tura musu tambaya, kuma na roƙi shugaba ya dakata da sa hannu sai sun amsa.