Tarihin rayuwa a Sifaniyanci: da wane littafi za a fara?

Ɗan Makaranta: Assalamu alaikum. Ina neman littattafan da mutane suka ba da tarihin rayuwarsu da kansu cikin Sifaniyanci, saboda wani nazari. Da wanne zan fara, kuma ta yaya zan gane abin dogaro a ciki?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Fara da *Vivir para contarla* na marubucin Kolombiya Gabriel García Márquez, wanda ya fito a 2002. Sai dai ka sani labarin ya tsaya ne a 1955, lokacin da yake barin Kolombiya zuwa Turai. Juzu'i uku ya yi niyya, ɗaya kaɗai ya fito har ya rasu a 2014, don haka ba za ka ga zancen kyautar Nobel da ya samu a 1982 a ciki ba. Ka mai da hankali kan tarzomar Bogota, babban birnin Kolombiya, ta 9 ga Afrilun 1948, ranar da aka kashe ɗan siyasa Jorge Eliécer Gaitán. García Márquez yana cikin birnin a ranar, yana ɗalibin lauya, kuma wannan sashe ana iya auna shi da jaridun lokacin.

Hajiya Mairo: Malam ya yi gaskiya, amma ɗana, tambayarka ta biyu ta fi muhimmanci. Kafin ka karanta shafin farko, bincika hannun da littafin ya bi. Ɗauki na Rigoberta Menchú, 'yar Gwatamala, na 1983. Ba ita ta rubuta ba. Elisabeth Burgos ce ta naɗi maganarta a kaset a Faris a 1982, ta cire tambayoyinta, ta jera sauran babi-babi. A 1999 wani masani ɗan Amurka, David Stoll, ya nuna cewa wasu abubuwan da aka ce ta gani da idonta, kamar kisan ƙanenta Petrocinio, ji ta yi daga wasu. Kisan kuwa ya faru, sojoji ne suka yi shi. Inda masu nazari ke kuskure shi ne ko dai su haɗiye littafin dungurungum, ko su yar da shi baki ɗaya. Raba shi gida biyu a takardarka: abin da ta gani, da abin da al'ummarta suka faɗa mata.

Haka na mawaƙin Chile Pablo Neruda, *Confieso que he vivido*. Ya rasu a Satumban 1973, littafin ya fito a 1974, matarsa Matilde Urrutia da Miguel Otero Silva ne suka tsara shi.

Malam Sabo: Kada kuma a manta da Juan Francisco Manzano, bawa ɗan Kyuba da ya rubuta tarihinsa wajen 1835. Abin takaici, duniya ta fara karanta shi ne a fassarar Turanci ta Richard Madden a 1840, ainihin Sifaniyancin bai fito ba sai 1937, kashi na biyu kuma ya ɓata. Wasu bugun sun gyara masa rubutu da nahawu, alhali shi ya koya wa kansa rubutu ta hanyar kwaikwayon hannun ubangidansa, kuma wannan yana bayyana a kurakuransa. Nemi bugun da ya bi rubutun hannunsa, gabatarwar edita za ta gaya maka.

Ɗan Makaranta: Na gode ƙwarai. Na mai shirya fina-finai Luis Buñuel fa?

Hajiya Mairo: Shi ɗan Sifaniya ne, amma da Faransanci littafin ya fara fitowa a 1982, tare da Jean-Claude Carrière suka yi shi. Na Sifaniyancin fassara ne, kada ka sa shi a jerinka.